Ginshiƙi, Al'amudi, Dirka da Fila: Tambayoyi da Amsoshi kan Sunayen Abin da ke Riƙe Gini

Abu ɗaya ne ke tsaye a tsakiyar ɗaki yana ɗauke da rufi, amma malami zai kira shi al'amudi, marubuci ya ce ginshiƙi, birkila ya ce fila, mai kafa rumfa kuma ya ce dirka. Sunayen ba ɗaya ba ne, kuma ba daga wuri ɗaya suka fito ba. Ga tambayoyin da aka fi yi a kansu.

Mene ne ginshiƙi?

Ginshiƙi, jam'insa ginshiƙai, shi ne sashen gini da ke tsaye cak, yana karɓar nauyin abin da ke samansa yana sauke shi a kan harsashi, harsashi kuma ya miƙa wa ƙasa. Wasu kan furta shi gimshiƙi. Sharuɗɗansa uku ne: ya kasance a tsaye, tsawonsa ya fi faɗinsa nesa ba kusa ba, kuma nauyi ya bi ta cikinsa daga kai zuwa gindi. Bango ma yana ɗaukar nauyi, amma shi a shimfiɗe yake ɗauka, tsawon mita da mita. Ginshiƙi kuwa tattara nauyin yake yi a wuri guda. Shi ya sa bango zai iya tsagewa gini ya ci gaba da zama, amma ginshiƙi guda in ya gaza sai ya janyo abin da ke kewaye da shi duka.

Daga nan ma'anar aro ta samo tushe. Idan aka ce wane ginshiƙin gidansu ne, ba ana nufin shi ya fi kowa girma ko arziki ba. Ana nufin shi ne in aka zare, sai a ga ɓaraka. Haka ake cewa noma ginshiƙin tattalin arziki ne.

Ana cewa shika-shikan Musulunci. Mene ne tilon wannan kalma?

Shisshike. Mutane da yawa sun san jam'in tun suna makarantar allo, amma ba su taɓa jin tilon ba. Shisshike shi ne itacen da ke tallafe da rufi. Saiwar kalmar shik- ce aka maimaita, sai baƙin k na farko ya narke cikin na gabansa, shikshike ya koma shisshike. A jam'i ne saiwar ke fitowa fili: shika-shikai. Wannan tsari ba baƙo ba ne a Hausa. Dubi fiffike da fuka-fukai, ko gungume da guma-gumai. Tsarin kalmar kansa shaida ne cewa Bahaushiya ce tun asali, kuma ta dace da hadisin nan na "an gina Musulunci a kan abubuwa biyar", domin siffar da hadisin ya kawo siffar gini ce.

Ina bambancin ginshiƙi da dirka, da gwafa, da turke, da matokari?

Bambancin yana wurin aikin da kowanne ke yi.

Dirka, jam'i dirkoki, itace ce da ake haƙa rami a kafa, kanta da baki biyu, a ɗora wani icen a kwance cikin bakin. Ita ce ƙafar rumfa. Aikinta aikin ginshiƙi ne, sai dai nauyin da take ɗauka kaɗan ne, kuma abin da ke kashe ta yana gindinta: gara da danshi. Gwafa ita ce siffar bakin nan biyu, ko duk sandar da ke da shi, ko da ba ta ɗauke da komai.

Turke ba ya ɗaukar nauyi daga sama ko kaɗan. Ja yake jurewa daga gefe, wato fizgar dabbar da aka ɗaure masa. Don haka ƙarfinsa yana ga zurfin da aka kafa shi, ba kaurinsa kawai ba.

Matokari daga tokare ya fito, kamar yadda madogara ta fito daga dogara, ta hanyar ɗafa ma- a gaban aikatau. Matokari yawanci a karkace yake, kuma na wucin gadi ne: bango ya fara rinjaya, a tokare shi kafin a gyara. Sandunan da kafinta ke jerawa ƙarƙashin katako kafin a zuba dakin, wato rufin kankare, su ma matokarai ne. Ana cire su idan kankare ya ƙosa. Ginshiƙi kuwa ba a cire shi.

Daga ina al'amudi ya zo?

Daga Larabci, amūd, tare da al- ɗin da Hausa kan haɗiye ta zama jikin kalma, kamar a alƙalami, albasa, aljihu da alƙali. Saiwar Larabcin, ain da mim da dal, ma'anarta tallafa wa abu don kada ya faɗi, kuma ta haifi kalmomi da yawa. Amūd shi ne sandar tsakiyar tanti kafin ya zama ginshiƙin dutse. Ƙashin baya ma da wannan suna Larabawa ke kiransa. Umda shi ne mai gari a karkarar Masar da Sudan, wato wanda jama'a suka jingina da shi. Amīd kuwa shugaban tsangaya ne a jami'a, kuma muƙami ne a soja.

A Alƙur'ani saiwar ta zo a wurare sanannu: Irama ma'abuciyar ginshiƙai a Suratul Fajri, aya ta 7; ɗaukaka sammai ba da wasu ginshiƙai da kuke gani ba a Suratur Ra'adi, aya ta 2, da Suratu Luƙman, aya ta 10; sai kuma ayar ƙarshe ta Suratul Humaza. A hadisin Mu'azu da Tirmizi ya ruwaito, an kira salla amūd na wannan al'amari. Wanda ya taɓa ganin yadda tanti ke zubewa da zarar an zare sandar tsakiya, zai fi gane nauyin wannan kwatanci.

Akwai wata kalmar da masu ziyarar Madina ke ji, usɗuwana, wadda ake kiran wasu ginshiƙan cikin Rauda da ita, kamar na Nana A'isha da na Tuba. Larabci ya aro ta ne daga Farisanci, sutūn. Ginshiƙan farko na Masallacin Annabi kututturan dabino ne, sai a zamanin Sayyidina Usman aka mayar da su na sassaƙaƙƙen dutse.

To rukuni fa? Ai shi ma ana fassara shi da ginshiƙi.

Ana yi, amma asalinsa daban. Rukn a Larabci kusurwa ce, gefen gini mafi ƙarfi inda bango biyu suka haɗu suka riƙe juna. Shi ya sa ake cewa Rukunul Yamani ga kusurwar Ka'aba da ke fuskantar Yaman. Malaman fiƙihu suka ɗauki kalmar suka ba abin da ibada ba ta tsayuwa sai da shi, aka samu rukunan salla da rukunan imani. Hausa ta ƙara mata wata ma'anar, ta sashe ko kashi: rukunin gidaje, rukunin farko na ɗalibai, rukunin ƙungiyoyi a gasar ƙwallo. A yau babu maginin da zai nuna ginshiƙi ya ce rukuni. Kalmar ta bar wurin gini ta koma makaranta da ofis.

Irin wannan ƙaura ce ƙa'ida ta yi. A Larabci ita ce gindin da gini ke zaune a kai, kuma jam'inta ne ya zo a Suratul Baƙara, aya ta 127, inda Annabi Ibrahim da Annabi Isma'il ke ɗaga harsashin Ɗakin Allah. A Hausa ba ta da sauran alaƙa da tubali, sai doka da tsari.

Fila fa, Hausa ce?

Aro ce daga Turanci, pillar. Turawan Ingila sun karɓo ta daga tsohon Faransanci, shi kuma daga Latin, pila, wato ginshiƙin dutse. Da ta shigo Hausa sai p ya koma f, kamar a fenti, famfo, fasinja da fensir, r ɗin ƙarshe kuma ya faɗi, kamar a mota da direba. Tare da siminti da rodi ta shigo, don haka in magini ya ce fila, kusan kullum ginshiƙin kankare mai ƙarfe a ciki yake nufi. Wannan fasaha ba ta daɗe ba in aka kwatanta da shekarun gini a duniya. Joseph Aspdin ya yi rajistar simintin Portland a Ingila a 1824, Joseph Monier kuma ya yi rajistar sa ƙarfe cikin kankare a Faransa a 1867, kuma tukwanen shuka ya fara yi da shi.

Da gaske ne muƙamin kanar yana da alaƙa da ginshiƙi?

Gaskiya ne. Latin na da wata kalmar, columna, wadda ta ba Turanci column, ta ba Italiyanci colonna. Sojojin da suka jeru a dogon layi, wani bayan wani, an kamanta su da ginshiƙin da aka kwantar, sai aka kira jagoransu colonnello. Faransawa suka karɓa, wani lokaci suna furta ta da r a tsakiya, Ingilishi ya riƙe rubutun l da furucin r, Hausa kuma ta ji furucin ta ce kanar. Kalmar column dai ita ce sunan layin rubutu da ke sauka daga sama zuwa ƙasa a shafin jarida, kuma Larabci ma amūd yake ce masa.

Bim, linta da azara ginshiƙai ne?

A'a. Su a kwance suke, kuma wahalar da suke sha daban ce. Ginshiƙi dannewa ake yi masa. Bim kuwa lanƙwasa shi nauyi ke son yi: samansa na matsewa, ƙasansa na miƙewa. Kankare gwani ne wajen jure danniya, amma ƙarfinsa wajen jure ja bai wuce kimanin kashi 1 cikin 10 na wancan ba. Saboda haka a tsakiyar bim manyan rodi a ƙasa suke zama, a fila kuwa ana raba su daidai a kusurwoyi. Linta ƙaramin bim ne a kan ƙofa ko taga. Azara ita ce tsagin giginya da ake jerawa a yi rufin soro, kuma da yake tazarar da take iya tsallakewa ita kaɗai ba ta kai mita 2 sosai ba, ɗaki mai faɗi dole ya nemi ginshiƙi a tsakiya ko kuma bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin da ke tallafe rufi. Kalmar bim a tsohon Ingilishi itace take nufi, kuma har gobe Jamusawa Baum suke ce wa bishiya.

Sassa nawa ginshiƙi ke da su?

Uku: gindi, jiki da kai. Harsuna da yawa jikin mutum suka duba wajen raɗa waɗannan sunaye. Vitruvius, maginin Rum na ƙarni na 1 kafin haihuwar Annabi Isa, ya rubuta cewa Girkawa sun auna tafin ƙafar namiji suka ga kashi 1 cikin 6 ne na tsawonsa, sai suka yi ginshiƙi na samfurin da ake kira Dorik tsawonsa ninki 6 na kaurin gindinsa, na Ayonik kuma suka sirantar da shi zuwa ninki 8 don ya yi kama da mace. Gindi yana baza nauyi don kada ginshiƙi ya nutse. Kai yana faɗaɗa don ya tarbi abin da aka ɗora masa. Adon da ake gani a kan ginshiƙan da, ganye ne ko naɗi, a kan wannan buƙata aka ɗora shi. Babban zauren tsohon gidan bautar Karnak a Masar yana da ginshiƙai 134, guda 12 na tsakiya sun kai kimanin mita 21, kuma an cusa su kusa da juna ne saboda dutsen da aka shimfiɗa a kansu ba ya iya tsallake tazara mai nisa.

A filar kankare sassan nan suna nan, sai dai sun ɓuya. Gindin yana cikin ƙasa, faffaɗan kankare mai ragar rodi. Kan kuma shi ne mahaɗarta da bim.

Yaya ake zuba fila yadda ya kamata?

Girman fila da yawan rodinta injiniya ne ke fitar da su daga lissafin nauyi da irin ƙasar wurin, kuma ba a kwafo su daga ginin maƙwabci. Abin da ke biye misali ne na ƙaramar fila, mai milimita 225 kowane gefe, wato inci 9, tsawon mita 3.

Rodi a tsaye ba sa gaza 4 a fila mai kusurwa huɗu, ko 6 a mai da'ira, kuma kaurinsu ba ya gaza milimita 12. Zobban da ke ɗaure su, na milimita 8 ko 10, tazararsu a tsohuwar ƙa'idar gini ta Birtaniya mai suna BS 8110 ba ta wuce ninki 12 na kaurin rodin tsaye: kimanin milimita 140 ga rodi mai 12, kimanin 190 ga mai 16. A matso da su kusa da juna a wajen kai da gindi. Bakin zobe a lanƙwasa shi ya shige cikin kankare, kada a bar shi a kwance a gefe inda zai buɗe. Mutane kan raina zobe su ɗauka riƙon rodi kawai yake yi kafin a zuba. Alhali shi ke hana rodin tsaye bultsowa waje idan nauyi ya danne.

Inda rodi zai haɗu da rodi, su haɗa jiki na tsawon ninki 40 zuwa 50 na kaurinsu, wato kimanin santimita 60 ga mai 12. Tsakanin ƙarfe da katako a bar milimita 25 zuwa 40, a sa 'yan gutsattsarin kankare a ɗaure su da waya don su riƙe tazarar. Bayan kafinta ya kafa akwati, a saki igiya mai nauyi a gefe biyu a tabbatar ya tsaya cak, a tokare shi, a sake aunawa bayan an zuba, tun kankare yana ɗanye.

Kwaɓin da aka saba shi ne siminti 1, yashi 1 da rabi, tsakuwa 3. Buhu mai kilo 50 kimanin lita 35 ne, ke nan yashi lita 52, tsakuwa mai milimita 20 lita 105, ruwa kuma kada ya wuce lita 25, a rage in yashin jiƙaƙƙe ne. Filar misalinmu tana cin kankare kimanin kubik mita 0.15, wato buhu 1 da ɗan ƙari. Kada a antayo kwaɓi daga sama da mita 1 da rabi, domin tsakuwa za ta riga siminti isa ƙasa. A zuba kaɗan-kaɗan, ana girgizawa da inji ko ana soka rodi ana bubbuga katako. Ana iya cire katakon gefe bayan awa 24 zuwa 48, sannan a naɗe filar da buhu a riƙa jiƙawa aƙalla kwana 7. Ƙarfin da aka yi lissafi da shi na kwana 28 ne. A kwana 7 kimanin kashi 2 cikin 3 kawai ta samu.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ƙara ruwa don kwaɓi ya yi saurin gangarawa. Ruwan da ya wuce buƙatar siminti yana bushewa ya bar ƙananan kafofi, kuma kowace kafa ragi ce a ƙarfi, hanya ce kuma ga danshi.

Me ya sa ake tsoron doguwar fila siririya, ko da rodinta ya cika?

Ɗauki tsinken tsintsiya mai tsawon ɗan yatsa ka danna shi a tsaye a kan tebur. Zai soke ka kafin ya karye. Ɗauki cikakken tsinke ka danna. Tun ba ka sa ƙarfi ba zai yi ciki gefe guda ya lanƙwashe. Tsinken bai canja ba, tsawo ne ya canja. Leonhard Euler ya fitar da lissafin wannan a 1744: idan aka ninka tsawon siririn ginshiƙi sau 2, nauyin da zai ɗauka kafin ya lanƙwashe yana komawa kashi 1 cikin 4. A BS 8110, filar da aka daddafe ta da bango ko bim ana lissafa ta gajera muddin tsawonta bai kai ninki 15 na faɗinta ba. Ga mai inci 9, iyakar ta kama kimanin mita 3.4. Dogayen filolin ƙofar gida da ke tashi hawa biyu ba tare da bim a tsakiya ba sun wuce wannan iyaka, kuma suna buƙatar lissafi na daban.

Waɗanne alamu ne ke nuna fila ta fara gajiya?

Tsaga a tsaye da ke bin layin rodi, musamman mai jan ruwa-ruwa, tsatsa ce. Ƙarfe in ya yi tsatsa kumbura yake yi ya ninka girmansa, sai ya turo kankaren da ke rufe da shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: danshi ya ƙara shiga, tsatsa ta ƙaru. Ramuka kamar saƙar zuma a gindi alamar rashin girgizawa ce, kuma shafe su da filasta ɓoye ciwo ne kawai. Dole a sassaƙe har a kai kankare mai ƙwari, a wanke, a cike da kwaɓin gyara. Tsaga a karkace kusa da kai ko gindi, ɓarewar kankare da rodi a lanƙwashe, ƙofofin da suka daina rufuwa a lokaci guda, ko ƙara daga cikin gini, waɗannan ba na jira ba ne. A fitar da mutane, a tokare, a kira injiniya. A ginin Rana Plaza na Bangladesh an ga tsagar tun ranar 23 ga Afrilu 2013, aka mayar da ma'aikata ciki washegari, ginin ya rufta, mutum 1,134 suka rasu.

Zan iya cire fila don faɗaɗa shago, ko in ƙara hawa a kan waɗanda ke akwai?

Ba tare da lissafin injiniya ba, a'a. Nauyin da fila ke ɗauke da shi ba ya ɓacewa don an sare ta. Yana komawa kan bim da ba a yi shi don wannan tazara ba, da maƙwabtan filoli da harsashinsu. Inda ya zama dole, sai an tokare daga ƙasa har sama, an kafa sabon bim da zai karɓi nauyin, an ƙarfafa filolin gefe, sannan a taɓa ta. Haka nan ba a fasa fila don a wuce da bututun ruwa ko wayar lantarki.

Ƙarin hawa ma haka. Rodin da aka bari suna leƙe a saman gini ba hujja ba ne cewa an yi harsashin don bene. Kantin Sampoong na birnin Seoul a Koriya ta Kudu ya rufta ranar 29 ga Yuni 1995, mutum 502 suka rasu. Bincike ya nuna an rage kaurin ginshiƙai daga santimita 80 zuwa 60, an ƙara hawa na 5, an kuma ja manyan injinan sanyaya iska a kan rufin har ya tsattsage. Ragin santimita 20 a ido ba wani abu ba ne, amma a ginshiƙi mai da'ira ya cinye fiye da kashi 40 cikin 100 na faɗin da ke ɗaukar nauyi.

A rubutu ko fassara, wace kalma ta fi dacewa?

A rubutun ilimi da labarai, ginshiƙi ya fi, domin kowa ya san shi kuma yana ɗaukar ma'anar zahiri da ta aro. A zancen addini shika-shikai da rukunai sun riga sun zauna, ba a musanya su. Al'amudi ya dace da bayanin masallatai da tsofaffin gine-gine. Dirka ta itace ce, kada a ba ta ginin kankare. A takardar kwangila ko lissafin kayan aiki kuwa a rubuta fila, a biyo ta da girmanta, yawan rodi da kaurinsu, da tazarar zobe, misali: fila 225 da 225, rodi 4 masu milimita 16, zobe mai milimita 10 kowane milimita 175.